Mayen Kalgo a Littafin Alƙali

Wani ne a Kalgo, ba zan faɗi sunansa ba, don ko danginsa sun daina faɗa. Irin mutanen nan ne da in gari ya waye sai su ce su suka tashe shi. Gajere, ga baki. Kunnensa na hagu kuwa rabi babu. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce kada ne ya cije shi a gulbi. Wai kokawa suka yi, shi ya rasa rabin kunne, kadan ya rasa mutunci.

To, akwai wani madugu a garin, Albarka, mai jakkai. Busasshen kifi yake kaiwa kasuwar Gwandu, ya dawo da albasa. Tsufa ya kama shi, gwiwa ta fara ƙin tafiya. Ya ce zai miƙa sandar korar jakkan ga mutum guda. Aiki ne mai maiƙo, duk tafiya kana da rabonka na kifi, ga girma a hanya. Mutum biyu suka sa rai, gogan naka da maƙwabcinsa Atiku, wani dogo mai shiru-shiru.

Gogan ya ji ana cewa hankalin madugu ya fi kwanciya da Atiku. Ko fura bai tsaya sha ba, sai ƙofar gidan Albarka.

"Baba Madugu, ashe ka gaji da jakkanka?"

"Kamar yaya?"

"Na ji za ka damƙa su ga mashayi."

"Wane mashayi?"

"Atiku mana! Bara waccan, ranar kasuwar Gwandu, ba shi dogarai suka kama ba? Ya sha giya ya yi tatil, ya hau jaki, ya bi ta kan tukwanen mata."

"Kai ka gani?"

"Da idona! Don tsabar buguwa har biyu na gan shi. Atiku nan, Atiku can, kowanne na tangaɗi."

Albarka ya dube shi.

"Mi kuma ka gani?"

"Sauran ban riƙe ba. Takaici ne ya rufe mini ido. Farkawa kawai na yi na gan ni a gida, kaina kamar ana daka a ciki."

Albarka ya ce magana irin wagga ba a gama ta da fatar baki. Tun zuwan Nasara, duk wanda dogarai suka kama, malamin alƙali na rubuta shi a littafi, kuma kowa na iya zuwa ya roƙa a duba masa. Ya ce, "Kasuwa mai zuwa mu tafi Gwandu mu uku. In littafi ya ce Atiku ne, sanda taka ce."

Aka kira Atiku aka gaya masa. Ya sosa ƙeya.

"Maƙwabci, da ka bar wagga magana."

Gogan ya yi tsalle. "Kun ji ko? Tun ba a buɗe littafin ba gumi ya karyo masa!"

Da ya koma gida yana ɗaure guzuri, matarsa Binta ta tsaya a kansa.

"Malam, kada ka je."

"Ke mi kika sani game da shari'a?"

"Ban san shari'a ba. Amma ni na wanke wandon ran nan."

"Wandon wa?"

Binta ta ɗauki muciyarta. "Allah shi kiyaye hanya."

Suka kama hanya, suka isa Gwandu da hantsi, kasuwa ta fara cika. Gogan bai jira an sauke kaya ba. Ya cusa goro guda sukutum a kumatu, ya bar su da jakkai, ya zura a guje sai zauren alƙali.

To, kun san maye na giya da maye mai cin kurwa, murya kaɗai ke raba su. Ɗaya ka hau, ɗaya ka sauka. Mai goro cike da baki kuwa ba ya hawa ba ya sauka.

Dogarin da ke bakin ƙofa ya tare shi da kulki.

"Kai, ina za ka kamar an koro ka?"

"Maganar maye na zo a duba mini a littafi."

Dogari ya ja da baya, ya dafe layar wuyansa.

"Wane maye?"

"Na Kalgo. Wanda ya yi muku ɓarna a kasuwa bara waccan."

"Subhanallahi! Mutum nawa ya ci?"

"Ci? Ai shi ba ci yake ba. Sha yake."

"Sha! Na yara ko na manya?"

"Ba ya zaɓe. In ya samu, ƙwarya guda yake ɗagawa, ba ya saukewa sai ya ga gindinta."

"Innalillahi. Yanzu yana ina?"

"Yana cikin kasuwarku. Tare muka zo. Ɗaki guda ma muka kwana a hanya."

"Ɗaki guda? Ka tashi da ranka?"

Gogan ya buga ƙirji. "Ni ai na fi ƙarfinsa. Tun muna yara na san shi da wanga hali."

Dogari bai ƙara tambaya ba. Ya cika huhu ya kwarara ihu, "Maye a kasuwa! Mayen Kalgo ya shigo!"

Jama'a, ku zo ku ga gudu. Mata suka suri yara suka goya, har da waɗanda ba nasu ba. Mahauci ya kwanta a kan namansa. Wani makaho ya riga ɗan jagoransa isa ƙofar gari. Masu ƙarfin hali kuma suka ɗauko taɓare da sanduna suka cika ƙofar alƙali, suna cewa a fito musu da shi. Albarka da Atiku ma suka biyo taron, su ga mayen garinsu da ba su taɓa jin labarinsa ba.

Alƙali ya sa aka shigo da gogan. Dattijo ne, ba ya son hayaniya.

"Kai ne mai maye?"

"Ni ne, Allah shi gafarta malam."

"Tofar da abin da ke bakinka tukuna."

Ya tofar.

"Yanzu faɗi."

"Maye, Allah shi gafarta malam. Na giya. Wani ne ya sha ya hau jaki."

Taro ya yi tsaki gaba ɗaya. Wasu har haushi suka ji, sun baro rumfunansu a banza. Alƙali ya girgiza kai, ya ce wa malaminsa ya ja wanga bawan Allah gefe, ya duba masa abin da yake nema a hankali, ya sallame shi.

Gogan ya ce, "A'a! A hankali kuma? Da ƙarfi za a karanta, kowa shi ji. Jama'a, kada ku watse, ku tsaya ku ji abin kunya! Baba Madugu, matso gaba. Atiku, na gan ka, kada ka sulale."

Atiku ya ce, "Ina nan, maƙwabci."

Jama'a suka dawo suka tsugguna. A sahun gaba akwai wata tsohuwa, Maimuna mai tukwane, da taɓaryarta a hannu. Malamin alƙali ya kwance gafaka, ya yi ta lasar yatsa yana buɗe takardu, har ya ce ga shi nan. Ya gyara murya.

"An kawo wani mutum, mutumin Kalgo, ranar kasuwa. Ya sha giya. Ya hau jaki a juye, fuskarsa na kallon wutsiya, yana ihu wai ɓarayi sun sace wa jakinsa kai."

Wuri ya fashe da dariya. Gogan ya fi kowa, har da riƙe ciki.

"Kun ji sakarai! Wai an sace kai! Atiku, ina ka kai kunyarka?"

Malam ya ci gaba. "Jakin ya bi da shi ta rumfar Maimuna. Tukwanenta duka suka zama tsingaro."

Maimuna ta ce, "Har da randar da aka riga aka saya." Ta fara ƙanƙance ido tana bin fuskokin mutane.

"An tambaye shi sunansa, ya ce a tambayi jakin, tare suka zo."

"Tir!" in ji gogan. "Allah wadaran wanga mutum. Ko kare ya san sunansa. Malam, ci gaba, daɗi nake ji."

"Da suna bai samu ba, aka rubuta kamanninsa. Gajere ne."

Mutane suka ɗaga kai suka dubi Atiku, wanda sai ya sunkuya yake shiga zaure.

Gogan ya ce, "Giya na rage tsawo. Sanannen abu ne. Ci gaba."

"Yana da giɓi a gaba."

Gogan ya tsuke baki. Daga nan ta hanci ya koma magana.

"Da aka sauko da shi, ya rungume wuyan jakin yana kuka, yana murna kan ya dawo. Jakin ya waiwayo ya cire masa rabin kunnen hagu."

Idanu suka tafi kan Atiku. Kunnuwa biyu cif, manya, kamar faifai. Sai idanun suka juyo a hankali. Gogan ya kama hularsa yana ja ƙasa, ya ja, ya ja, har ta rufe masa ido guda.

"Kada ne," ya ce. "Kowa ya sani a Kalgo."

Maimuna ta miƙe da taɓarya. "Kada mai kofato? Shi ne! Na rantse shi ne! Ɗan banza, har cewa ya yi tukwanena ne suka tare masa hanya ba su yi sallama ba!"

Dogarai suka riƙe ta. Gogan ya shiga zare ido.

"To in ni ne, yaya aka yi na ga Atiku biyu suna tangaɗi?"

Atiku ya ce, "Ni guda ne, maƙwabci. Wutsiyar jakin na riƙe ina ja, yana jana. Kai kuma wajen wutsiyar kake kallo."

Alƙali ya ɗaga hannu, aka yi shiru. Ya ce wa malam ya karanta ƙarshe.

"Hukunci, bulala tamanin. Amma ba a yi wa mutum bulala yana cikin maye, sai hankalinsa ya dawo, don shi san abin da ake yi masa. Maƙwabcinsa Atiku ya tsaya masa. Ya ce zai kai shi gida, ya maido shi ranar da hankalin ya dawo."

Alƙali ya juya ga Atiku. "Kai kuma, mi ya hana ka kawo shi tun bara waccan?"

"Allah shi gafarta malam, ban saɓa alkawari ba. Kullum da safe sai na leƙa ta kan darnin da ya raba gidajenmu na duba shi. Har yau ban ga alama ba."

Dogarin ƙofa, wanda har yanzu yake jin haushin ihun da aka sa shi, ya riga ya ɗauko bulala yana murza ta a tafin hannu.

Alƙali ya ce, "To, ga shi ya kawo kansa da ƙafarsa. Bari mu ji daga bakinsa. Kai, hankalinka ya dawo?"

Gogan ya dubi bulala.

"Bai dawo ba, Allah shi gafarta malam."

Albarka ya ce, "Madalla. Ni kuwa ba na ba marar hankali jakkaina." Ya miƙa wa Atiku sanda.

"Tsaya, Baba Madugu! Ya dawo! Yanzun nan ya dawo!"

Dogari ya ce, "Alhamdu lillahi. Kwanta."

"Bai dawo ba!"

Atiku ya karɓi sanda.

"Ya dawo!"

Dogari ya naɗe hannun riga.

"Bai... wato ya dawo wajen jakkai, wajen bulala ne bai iso ba."

Alƙali ya ce, "Hankali guda ne. Ko yana nan ko ba ya nan. Wanne za a rubuta?"

Gogan ya dubi sanda a hannun Atiku, ya dubi bulala a hannun dogari. Gumi har cikin rabin kunnen.

"Allah shi gafarta malam, a rubuta yana tafe. Na hango shi. Ga shi can ma yana kallona."

Maimuna ta sa taɓarya a kafaɗa ta nufi ƙofa.

"Malam, rufe littafinka, kada ka jira. In hankalin nan yana kallonsa, to tafiya yake yi, ba tahowa ba. Shi ma a juye ya hau jakin."