Faifan da Ya Fi Nauyi

Ba zan taɓa mantawa da jajibirin auren ƙanwata Hadiza ba, ko na so in manta, don 'yan gidanmu sun ɗauki nauyin tuna mini har in shiga kabari.

A lokacin ina aiki a wani buro, wato ofis, a Birnin Ƙonni, ni ne mai buga takardu a kwamfuta. An taɓa tura ni horon sati uku a Yamai, na dawo da takardar shaida da tabarau (idona ƙalau yake), kuma tun daga ranar duk wanda ya kira ni Injiniya ban gyara masa ba. A hannun wani ma'aikaci da aka yi wa canjin gari na sayi wani baƙin akwati, bai wuce girman bulo ba, na ja waya daga jikinsa zuwa kwamfutar gida. Aikinsa ajiya. Faifai biyu ne a cikinsa, abin da ka zuba a ɗaya sai ya kwafe a ɗayan. In ɗaya ya mutu ka sa wani, mai ran ya sake cika shi. Wannan bayanin na yi shi a fadarmu ta shan shayi, na yi shi a ƙofar masallaci, har mai yi wa matata Rabi kitso sai da ta sha shi.

Mahaifinmu ɗan cin rani ne. Ana gama girbi a garinmu Tajaye sai ya kama hanyar Abijan, kuma da yake bai yi lakwal ba, wato boko, wasiƙarsa kaset ce: ya zauna gaban rediyo ya yi magana, ya ba mai zuwa gida. A can Allah ya karɓi abinsa, bai taɓa ganin Hadiza ba. Kaset ɗinsa na ƙarshe shi ne wanda ya aiko da ya ji an haife ta. Inna da ƙanenta Kawu Idi kaɗai suka saurare shi, ta ce Hadiza ba za ta ji ba sai ranar da za a kai ta ɗakin miji. Yarinyar nan ta girma har ta zama malamar lakwal a Illela, tana jiran ranar da za ta ji ubanta ya kira sunanta.

To, ni da shisshigi, na tashi takanas na tafi Tajaye na ce a ba ni kasakasan nan in adana. A cikin kwalla suke, an naɗe da zane.

"Inna, kaset ruɓewa yake yi."

"Shekara ashirin da ɗoriya ba su ruɓe ba, sai yau da ka zo?"

"Wannan kamar rumbu biyu ne. In ɗaya ya ƙone, ga ɗaya."

"Su biyun gida guda suke?"

Na ce e. Ta ce "Uhm," ta miƙo kwallar. Ni kuwa wannan "uhm" ɗin na ɗauke shi a matsayin yabo.

Wata guda na yi ina kwafewa cikin akwatin. Da na gama, na zuba kasakasan a kwali na jefa ɗakin ajiya, don a ganina sun gama aikinsu. Damina ta zo, kwanon rufi ya yi yoyo, gara ta ƙarasa abin da ruwa ya rage. Da na ɗaga kwalin sai laka. Ban gaya wa kowa ba. Me za a faɗa? Ai akwai rumbu biyu.

Sai ga Yaya Mamman, yayan Rabi, mai ɗaukar bidiyon biki a Malbaza. Faifan kwamfutarsa ya lalace. Ya ci tuwo, ya wanke hannu, ya gyara zama ya ce, "Injiniya, ba kai ka ce su biyu na, kuma abu guda na ciki ba? Ara mini guda, sati biyu." Jama'a, ku gaya mini, ta ina mutum zai hana yayan matarsa abin da shi da bakinsa ya ce yana da biyu? Na kwance na ba shi, har da raka shi bakin titi. Sati biyun nan wata bakwai suka yi, kunya ta hana ni tambaya. Akwatin ya riƙa kunna mini wata 'yar wuta mai gargaɗi, na samo faranti na jingina a gabanta.

Saura kwana biyu biki aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, aka maido da ƙarfi. Sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas daga cikin akwati. Faifan da ya rage ya tafi. Na riga na yi shelar cewa za a ji muryar Baba a lasifika, dangi sun fara sauka gidana, don a nan za a yi bikin, Hadiza kuwa kullum sai ta tambaye ni, "Yaya, yana nan dai ko?"

Da sassafe na hau moto, wato babur, sai Malbaza, ina salati ina zagin kaina. Ikon Allah, Yaya Mamman ya jawo faifan daga ƙarƙashin tarin kaya ya ce, "Abinka ya ƙi magana da injina. Ya ce sai in goge shi, ni ko na ji tsoro, kayan mutane." Bai taɓa komai ba! Mutumin da nake raina wa sani ya tsare mini amanar da ni ban tsare ba. Na biya ta kasuwar bakin iyaka na sayi wani faifan na gwanjo, irinsa sak, babu komai a ciki. Abin da ya rage mai sauƙi ne: in sa mai kayan a ramin hagu, wanda babu komai a na dama, akwatin ya kwafe daga hagu zuwa dama.

Mai hankali da ya rufe ɗaki ya yi aikinsa shiru. Ni tabarma na shimfiɗa a tsakar gida, na jawo waya, don a ga Injiniya na aiki. Na ajiye faifan nan biyu a gabana, mai kaya kusa da ƙafata. Sai aka yi sallama, Kawu Idi ne ya iso daga Badaguishiri. Dole na tashi na tarbe shi, na durƙusa. In kun san gaisuwar Kawu, kun san ba ta ƙarewa sai an tambayi lafiyar albasa da jaki. Kafin in juyo, Rabi ta kawo masa fura, ta tattara "ƙarafunan" nan ta ɗora ɗaya kan ɗaya a gefe don ta sami wurin ajiye ƙwarya.

Na duba wannan, na duba wancan. Launi ɗaya, rubutu ɗaya, ƙarzuwa ɗaya.

Kawu ya lura. "Mi ya faru, ɗana?"

Na yi masa bayani a taƙaice. Ya kurɓi fura ya ce, "Wanga ai ba abin wahala ba na. Auna su ga hannu. Mai kaya ya fi nauyi."

Na yi dariya, har da cire tabarau. Na ce, "Kawu, ai ba buhun gero ba ne." Mata suka taya ni dariya. Akwai hanyar dubawa, na sani: in sa su ɗaya bayan ɗaya in gani. Amma hakan yana nufin jama'a su gane ban san wanne ne wanne ba. Saboda haka na juya baya kamar ina gyara waya, na ɗauki ɗaya a dama ɗaya a hagu (Allah ya yafe mini), na auna. Kuma na rantse muku, ɗaya ya fi nauyi. Shi na zura a ramin hagu. Kwamfuta ta tambaye ni ko na tabbata, don za a shafe duk abin da ke dama. Na danna e da yatsa ɗaya, ina kallon mutane.

Awa huɗu yana aiki. Bayan la'asar 'yar wutar akwatin ta koma koriya, na miƙe na ce a kira amarya. Aka fito da Hadiza da lalle a hannu, ƙawayenta na biye, Inna ta zauna a kan turmi, Yaya Mamman ya saita kyamara. Na haɗa lasifika, na yi gyaran murya, na buɗe.

Fari fat.

Na rufe na sake buɗewa. Na duba hagu, na duba dama. Akwatin nan bai ci amana ba, ya yi alkawarin faifan biyu za su zama iri ɗaya, kuma sun zama: babu a nan, babu a can. Da hannuna na kwafe babu a kan muryar ubana. Kawu ya ce, "Hala marar nauyin ka ɗauka?" Ba wanda ya yi dariya.

Hadiza ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Cewa ta yi a hankali, "Yaya, to a ɗauko kaset ɗin mana." Nan ne na faɗi maganar yoyo da gara, a gaban surukai, da kyamara a kunne.

Inna, wadda ba ta taɓa kiran sunana ba saboda ni ne ɗan fari, ta dube ni ta ce, "Kai wanga, ka ƙare?" Ta kwance bakin zanenta, ta fito da kaset guda a cikin leda. Ashe zuwan da ta yi ganin likitan ido kafin damina, ta ga kwalin a yashe, ta zare wannan ta yi shiru. "Wane manomi ka zuba iri cikin rumbun ci?" in ji ta.

Aka aro rediyon maƙwabta, aka sa pil, wato batir, wata gwaggo ta juya zaren da biron bik. Sai ga muryar Baba, da ƙarar motocin Abijan a bayanta. Ya gaida kowa, ya ce, "Hadizatu, ɗiyata, ban gan ki ba amma na san ki." Ya yi mata addu'ar miji nagari da zuri'a mai albarka. Duk tsakar gidan aka yi ta share hawaye. Sannan ya yi tari ya ƙara da cewa, "Kuma wancan babban yaron, na ji ya kwance rediyon gida ya kasa maidawa. Kar a bari ya taɓa kaset ɗin ga."

Aka fashe da dariya cikin kuka, har Hadiza. Inna ta ce, "Ai ka ji shi sa'ad da kake kwafewa." Na sunkuyar da kai. Ban ji ba. Wata gudan nan, dannawa nake in tafi fada shan shayi, in dawo in juya ɗaya gefen. Muryar ubana ta kwana a ɗakina fiye da shekara, kaset ashirin da wani abu, ban zauna na saurari ko ɗaya ba. Yanzu saura wannan, sauran sun tafi har abada, kuma wannan baƙin cikin bai bar ni ba.

Kaset ɗin yana wurin Hadiza a Illela, cikin kwalla. Nakan je in ce a sa mini, takan sa, amma daga bakin ƙofa nake saurare, hannuna a baya, bisa umarnin mai shi. Abin da na koya bai da yawa: in tsohuwa ta ce "uhm," tsaya ka tambaye ta me take nufi. Kuma a gidanmu har yau, in na fara bayanin wani abu da ƙarfin hali, sai wani ya miƙo mini abu biyu ya ce, "Injiniya, wanne ya fi nauyi?"