Rasuwar Allon Kawu Baha'u

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kunya ma ta samu wurin zama a cikinta, ni Na'ima, a madadin iyalinmu da ke unguwar Plumstead a London, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Allon Kawu Baha'u. Ya rasu ranar Alhamis bayan la'asar, yana da shekara arba'in da huɗu, bayan jinyar kwana tara a barandar flat ɗinmu.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, wani koren allo ne na lantarki, faɗinsa bai wuce tiren shayi ba, yana kwance cikin jakar hannu ruwan ƙasa. Yana da maɓallai ashirin da huɗu, da gurbi shida na jajayen lambobi, da 'yar lasifika kamar murfin kwalba. Irinsa ne injiniyoyin da suka gabata suke koyon ba ƙwaƙwalwar kwamfuta umarni da shi, lamba bayan lamba. Ƙanin mahaifiyata, Kawu Baha'uddeen, shi ya saye shi a 1978, shekara guda bayan ya baro Zariya ya zo karatu. Kawu bai yi aure ba, bai koma gida ba. Ya sauya ɗaki sau bakwai tsakanin unguwannin Edmonton da Peckham, ya zubar da kujeru da katifu, amma jakar nan ba ta taɓa kwana nesa da shi ba. Da Allah ya yi masa rasuwa a watan Janairu, ni na kwashe ɗakinsa kafin council, hukumar da ke da gidan, su karɓi makulli.

Marigayin mai haƙuri ne, marar surutu. Bai taɓa neman a yi masa update ba. Bai san intanet ba, balle ya kai gulmar gidanmu waje. Abu ɗaya ya iya a duniya, kuma bai taɓa ƙosawa da yin sa ba.

A cikin murfin jakar akwai rubutun Kawu: lamba huɗu, sannan a danna maɓallin ƙarshe. Ranar da na fara gwadawa, sai allon ya yi fito. Sauti bakwai, uku a sama, ɗaya ya faɗo, sauran suka bi shi da sauri. Ina tsaye ina dariya sai na ji muryar Hajiya daga ɗaki, ras, kamar ta mace mai shekara ashirin.

"Na ji ka, Baha'u. Tuwonka na nan a rufe."

Hajiya Karimatu, mahaifiyata, shekara uku ke nan mantuwa tana cin ta. Wata rana takan kira ni da sunan ƙanwarta, wata rana ta tambaye ni ko ni ce ma'aikaciyar jinya. Sau biyu muka gaya mata rasuwar Kawu, sau biyu ta yi kuka kamar ranar ta fara ji, daga nan muka daina. Ashe fiton nan shi ne wanda yake yi mata a bayan katanga suna yara, in ya dawo daga makaranta, don ta san ya iso. Ya zo London cikin sanyi da kaɗaici, ya sayi na'ura don ya koyi lissafi, amma sai ya zauna ya koya mata kiran yayarsa. Tun daga ranar da ta amsa fiton, kullum bayan la'asar nakan danna lambobin a falo, Hajiya ta amsa daga ɗaki, sannan ta yarda ta ci abinci. In ba ta ji shi ba, ba ta ci, don a ganinta ba a cin tuwo yaro bai dawo ba.

Ciwon ajali ya faro ne daga rabon gado. Yayana Umar Faruq ya ce, kuma gaskiyarsa, duk abin da mamaci ya bari sai an san ko mene ne, an yi masa ƙima, kafin a raba. Na sa hotuna a wani dandali na masu tara tsofaffin kwamfutoci. Suka yi caa, suka ce abu ne mai wuyar samu, amma sai sun ga lambobin da ke jikin kowace ƙwayar lantarki da ke kan allon. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin tana da wata tsohuwar takarda manne a bayanta, ta yi baƙi, ta rufe lambar. Na sa farce na ɓamɓare ta. A ƙarƙashi na ga 'yar tagar gilashi, zagayayya, kyakkyawa, har na goge ta da gefen mayafi don hoton ya fito.

Sai kuma warin funfuna da jakar ta kwaso daga ɗakin Kawu. Lokacin ana zafin nan na Yuli da ya sa Turawa kwanciya a ciyawa kamar yankakku. Ni kuwa 'yar gidanmu ce, abin da duk ya yi danshi magani ɗaya muka sani. Na fitar da marigayin baranda, na shanya shi a buɗe kusa da barkonona, daga hantsi zuwa la'asar.

A rana ta huɗu sauti ɗaya ya ɓace daga tsakiyar fiton. Hajiya ta ce, "Mura yake yi ne?" Na ce a raina danshi ne bai gama fita ba, na ƙara masa awa biyu, na ma juya shi ya fuskanci rana sosai. A rana ta shida ya fara in'ina. A rana ta takwas ne tunanin ɗaukar sautin a waya ya zo mini, bayan wata biyar ina da wayar a hannu. Abin da na ɗauka ƙara ce guda, doguwa, ba hawa ba sauka. A rana ta tara na danna lambobin, ya yi shiru, jajayen fitilunsa suka nuna FF.

Na ɗauke shi a bas zuwa titin Rye Lane, wurin Malam Osmanu, dattijon Kumasi da ya yi gyaran talabijin shekara talatin kafin ya koma waya. Ya ɗaga gilashinsa, ya dubi tagar nan, ya dube ni.

"Sister, wa ya cire takarda? Kai?" Na ce ni ce. "Kuma ka sa shi a rana?" Na ce kwana tara.

Ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce hasken rana ta tagar nan yake shiga ya share abin da aka rubuta, don haka ma aka yi tagar, don haka kuma ake rufe ta. "Machine lafiya lau yake. Masu saye za su saye, ba ragi, su ba ruwansu da abin ciki. Amma abin da kawunka ya sa, ya tafi. Ko wanda ya ƙera shi ba zai iya recover ba."

To, an yi wa marigayin ƙima, kuma an ce ko ƙwandala bai ragu ba. Na kai wa Umar Faruq wannan labari.

Marigayin ya bar jakarsa, da wayar wutarsa, da littafin bayani mai shafi ɗari biyu wanda babu fiton a ko'ina cikinsa. Ya bar takardar da na ɓamɓare, wadda na tsinto a kwandon shara na mayar, ko da yake ba ta da sauran abin rufewa. Ya bar ni, da hannuna na yi, kuma ina jin haushin kaina safe da yamma. Ya bar Hajiya, wadda yau kwana biyar cokali uku ne iyakarta. Har yanzu in an sa masa wuta yana kunnuwa, ya zuba mini jajayen idanu, ni kuma in kasa kashewa.

Na gwada yin fiton da bakina daga bayan ƙofa. Sau ɗari da wani abu na ji shi, na ɗauka na haddace. Hajiya ta saurara, ta ce, "Wane ɗan iska ne wannan? Ba Baha'u ba ne." Wani wuri nake kuskurewa, ban san ina ba, ita kuma in na ce ta yi mini, sai ta dube ni kamar baƙuwa.

Na tambayi liman, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, don haka babu jana'iza. Ba za a binne shi ba, kuma ba za a sayar ba, masu turo saƙo su yi haƙuri. Za a yi zaman makoki ranar Asabar a flat ɗinmu da ke Plumstead, hawa na uku, bayan la'asar. Akwai shayi da ƙosai. Kada kowa ya yi wa Hajiya gaisuwa, a wurinta ba wanda ya mutu.

Muna roƙo na musamman ga dattawan da suka zauna da Kawu a Edmonton ko Peckham, da duk wanda ya taso unguwa ɗaya da su a Zariya. In ka taɓa jin fiton nan, ko rabinsa ne, don Allah ka zo. Kada ka ƙwanƙwasa. Ka tsaya a bakin ƙofa ka yi shi yadda ka tuna, sannan ka jira. Tuwon na nan a rufe, in ta amsa za mu buɗe.