Man da Na Zaɓa wa Keken Kifin Bature

Ku matso, ku ba ni aron kunnuwanku. Wannan ba ta gizo ba ce, da ni aka yi, kuma ni aka yi wa dariya.

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da wani Bature ya zo Haɗeja da sandar kamun kifi ba. Mu da muka tashi muka ga ana kamun kifi da koma da gora da mali, sai ga mutum da sanda siririya, a gindinta an ɗaura wani ɗan keken ƙarfe mai naɗe igiya. Kakanku ne ke tuƙa shi a kwale-kwale. Aikin ba abin wasa ba ne, don muddin yana tuƙa Bature, dagaci ba zai sa sunansa cikin masu aikin hanya ba. Lokacin ina da ciki, shinkafarmu ta fadama kuma ta kusa yanka.

Wata rana da la'asar kakanku ya shigo da sandar da wani ɗan gwangwani. Ya ce keken ya fara kuka, Bature ya ce a buɗe a shafa masa abin da ke cikin gwangwanin. Ya kwance keken, sai aka kira shi jana'iza.

"Ke, lakata ki shafa a haƙoran nan ki rufe. Kada ki ƙara komai."

Na buɗe gwangwani. Abu ne rawaya-rawaya, mai danƙo. Na shinshina. To ni na san man shanu, na san man kaɗe, na san man gyaɗa, na san kitsen akuya da na rago, har man kifi na sani. Wannan ba ko ɗaya daga ciki. Na zauna na yi tunani (ranar tunanina yawa ya yi). Dabba ɗaya ce ban taɓa gani ba, ita ce kuma aka ce Turawa na ci. Alade! A ɗakina, kusa da buzun sallar mijina!

Na fara zargin kowa. Me ya sa Bature bai ba kukunsa Bukar ba, sai mu? Me ya sa Bukar ya yi murmushi da ya gaishe ni a kasuwa? Kifin da ake rabawa a unguwa in sun dawo fa, ashe da wannan keken ake jawo shi? Na sa tsumma na ɗauki gwangwanin, na haƙa rami bayan rumbu na binne, na dirje hannuna da ƙasa har ya yi ja.

Amma keke na jiran mai. Na ce ai in dai santsi ake nema, nawa ya fi, kuma halal ne. Na ɗauko soyayyen man shanuna, wanda nake sa wa albasa da kanumfari, na cika keken taf (ban yi rowa ba, abin baƙo ne). Na juya shi, shiru, ba kuka. Na jingine sandar a gindin darbejiya ta kwana, ina jin kaina mace mai kiyaye addini.

Da hantsi muna wanki a bakin kogi, matan unguwa duka, har da Iya surukata. Kwale-kwale na can kusa da kaba, muna kallo. Sai sanda ta lanƙwashe. Kakanku ya yi ihu, "Giwan ruwa!" Bature ya kama keke yana murzawa. Ya murza, ya murza, sai ya tsaya. Ya yarfa hannu. Ya mari wuyansa. Ya miƙe tsaye yana dukan gajeren wandonsa.

Cinnaku ne, jama'a. Duk dangin cinnakun gindin darbejiya sun tare a cikin keken, da aka motsa musu gida suka fito neman mai laifi.

Ba a tsalle a kwale-kwale. Ya kife. Kifi ya tafi da igiya, hular Bature ta bi hanyar Kirikasamma, kakanku ya fito da Bature a hannu ɗaya, sanda a ɗayan.

Bukar ya karɓi keken ya buɗe a gabanmu. Ya shinshina, ya lakata, ya kai baki.

"Wannan ai tuwo kawai ya rage. Man shanu ne, da albasa. Har da kanumfari."

Na sunkuya ina cuɗa zanen da na riga na wanke. Iya ba ta ko ɗago ba.

"A duk unguwar nan mace ɗaya ce ke ɓarnar kanumfari a man shanu."

"Ina gwangwanin?" in ji kakanku, ruwa na zuba daga gemunsa.

"Na binne, Malam. Kitsen alade ne."

Bukar ya zauna a ƙasa don dariya. "Yarinya, giris ne! Man inji, irin na ƙafar jirgin ƙasa. Daga ƙasa ake haƙo shi."

"Ƙasa tana da kitse ne?" na ce. Nan matan suka ƙarasa ni da dariya.

Da jama'a a bayana na je na tone ramin da hannuna.

Bature ya sake matuƙi, daga baya aka mai da shi wani gari, an ce da tabon cizo ya tafi. Kakanku ya yi aikin hanya har kaka ta wuce, ni da Iya muka yanke shinkafa, ba ta daina tuna mini ba har ta koma ga Allah. Bai taɓa yi mini gori ba, sai dai in na sa masa mai a tuwo ya kan leƙa kwanon ya ce, "Babu baƙi a ciki ko?" Bukar kuwa har ya tsufa yana aiko ƙwarya a zuba masa man shanuna.

Ni kuma na koyi in tambaya kafin in haƙa rami. Amma har gobe in na je markaɗe, nakan tattare zanena daga jikin injin. Bukar ne ya ce daga ƙasa ake haƙo shi, ni ban ga wurin ba.