Ka Kula da Zanzaro

Ba zan taɓa mantawa da ranar auren Hannatu ba, ko na so mantawa mutanen unguwar Majidaɗi ba za su bar ni ba. Har yau in na wuce ta teburin mai shayi sai wani ya tambaye ni me ya sa na saki riga.

Ni makaɗin jita ne. Shekara ashirin da wani abu ina bin bukukuwa a Jalingo, har aka zo zamanin da fiyano ɗaya ke yin aikin mutum biyar, mu kuma sai a kira mu in an tuna. Wanda ya koya mini kiɗa, Malam Bitrus, ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Ya bar wani tsohon amfilifaya irin mai kwalabe a ciki, waɗanda ke yin ja kamar garwashi in sun ɗau zafi. Mu dai akwati muke ce masa. Duk wanda ya yi rawa a garin nan lokacin ƙuruciyarmu ya san muryar akwatin nan.

Hannatu ita ce autar marigayi. Saura wata guda bikinta ta same ni a gida a unguwar Yelwa.

"Kawu, abu ɗaya nake roƙo. Ina so in ji muryar akwatin Baba ranar, ko waƙa ɗaya ce."

Na ce an gama. (Ni haka nake, ba na jin girman aiki sai na riga na amsa.)

Da na je ɗauka, mahaifiyarta, Mama Saratu, ta rako ni har ƙofa. "Ɗana, akwatin nan ya daɗe a sito. Ka kula da zanzaro fa. Maigida bai taɓa fita wasa ba sai ya duba zanzaro."

Na yi dariya na ce to. Ai kowa ya san Malam Bitrus, ba a taɓa ganinsa a bainar jama'a ba sai ya yi zanzaro, riga cikin wando, bel yana ƙyalli. Na ɗauka tsohuwa tana yi mini hannunka-mai-sanda ne a kan tumbina da rigunan da nake saki suna lilo. Har na ɗan ji haushi a hanya.

Kwana biyu na jira wuta. Da ta zo na jona akwati, na bari ya yi zafi, na taɓa tsirkiya. Abin da ya fito kamar mai mura yana magana a cikin randa. Zaƙin nan na sama ya tafi, sai gunaguni da wani kakari a ƙasa. Na canza waya, na sa sababbin tsirkiyoyi, na murɗa kowane maɓalli gaba da baya. Babu canji. Sai na koma wayar hannu, na kwana uku ina kallon wasu Turawa masu gemu suna bayani, na tashi a matsayin injiniya. Kwalabe ne suka gaji, in ji ni.

Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwar Barade, Baba Hammajoda. Na je wurinsa don kawai in tambayi inda ake samun kwalaben.

"Kawo shi in gani da idona, malam," in ji shi. "Ba kullum kwalba ne yana mutuwa ba. Wani lokaci takardan sifika ne."

Na ce na gode. A raina na ce mutumin da ya ƙare a rediyon makiyaya me ya sani game da jita.

Sai daga Legas aka samo kwalaben, direban bas ya kawo bayan mako biyu, na yi ta sintiri zuwa tasha har 'yan kamasho suka san sunana. Ranar tiyata na cire wuta, na kwance bayan akwati, na zura hannu. Ashe abin nan yana ajiye wuta a cikinsa ko an cire shi daga bango. Ya fizge ni har na ji ɗanɗanon ƙarfe a harshena. Na huta, na dawo da ladabi.

To ga inda ya fi yi mini ciwo. Da na haska ciki, na ga wasu dunƙule-dunƙule manne a bayan takardar sifika, ƙura da yanar gizo sun rufe su. Na gan su da idona. Ni da na tashi a ƙauye, a ɗakin ƙasa. Amma na ce wannan wani faci ne na marigayi, sirrin muryarsa ke nan, kada in taɓa. Na kewaye su a hankali, na girgiza tsofaffin kwalabe na zare, na sa sababbi. Tsofaffin kuwa na zuba a leda na jefa bola, washegari aka kwashe.

Na kunna. Randa ta amsa kamar da. Na gaya wa kaina sabuwar kwalba kamar sabon takalmi ce, sai ta ɗan saki. Gaskiyar ita ce na gaji, kuma na ƙi komawa Barade.

Ranar biki da la'asar, rumfuna cike, janareto yana ta faman aiki. Na tsuke farar riga cikin wando, na ja bel har numfashi na fita da ƙyar, saboda Mama Saratu ta ga na ji magana. Da aka kira ni ban tsaya ga kiɗa ba, sai da na karɓi makirfo. Na ba jama'a labarin yadda akwatin marigayi ya mutu, yadda na gano ciwon da kaina, yadda na yi oda daga Legas. Na ce yau za su ji Malam Bitrus ya dawo. Aka yi tafi. Hannatu ta dafa ƙirji.

Na buga. Ban kai rabin baiti ba wurin ya yi tsit, sai kakarin akwati. Na ƙara murya, kakari ya ƙaru. Wata mata a baya ta tambaya ko janareto ne.

Sai ga Mama Saratu ta taso daga wajen rabon shinkafa, cokali a hannunta.

"Ka duba zanzaro kuwa?"

Na dubi cikina, na shafa bel. "Ga shi na yi, Mama."

Makirfo yana kunne. Kowa ya ji.

Mama Saratu ta wuce ni. Ta sa aka kashe akwati, ta juya shi, ta zura bayan cokali ta ɓanɓare sirrin marigayi ɗaya bayan ɗaya. Gidajen zanzaro bakwai, na laka, suka zubo a kan takalmina har da busassun tsutsotsi. Nauyinsu ne ya danne takardar ta kasa motsi. Dariya ta fara daga teburin dattawa ta zagaye rumfa, har ango sai da ya sunkuyar da kai yana girgiza.

Aka kunna, na buga, murya ta fito tar. Aka yi rawa sosai, ni ma har na fara jin kunyar ta wuce. Bayan an tashi Hannatu ta zo ta durƙusa kusa da ni.

"Kawu, ya yi daɗi, na gode. Amma na Baba ya fi wannan taushi. In an huce za ka mayar da tsofaffin kwalaben?"

Na ce za mu gani. Shekara biyu ke nan tana jira, ni kuma in na hango ta a kasuwa sai in shiga layin masu tumatir.

Yanzu in tsohuwa ta ce mini in kula da wani abu, nakan tsaya in tambaye ta wanne take nufi. Kuma ba na zubar da kayan mamaci sai na tabbata su ma sun mutu.