Na kife talho, ashe bai mutu ba

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kife talho, wato waya, a kan tabarma. Wallahi na so in manta, mutanen Tunuga ne suka hana.

Ni matar gida ce, ko kasuwar Gaya sai dole ke kai ni. Boko kuwa ban yi nisa ba. Abin da Allah ya ba ni kunne ne: in na ji maganar mutum sau ɗaya, sai in maido ta har da tarinsa. Zamanin da maigidana, Allah ya jiƙansa, ke harkar manyan motoci, muna da talho mai igiya a falo, wanda ake ce wa fis. Ni ke ɗauka in direbobi sun kira daga Kwatano. In layi na buɗe za ka ji shuuu, kamar ana soya kifi a maƙwabta. Ka aza kansa a mazauninsa, ƙat, magana ta ƙare. Haka hannuna ya saba.

Da fis ya mutu, 'yata Rakiya ta saya mini mai shafawa.

Ana shirin bikin Rakiyar, muna tsakar gida da maƙwabta muna tankaɗe gari, sai uwar ango ta kira daga Tunuga. Hajiya Badandiya ce, yarenta Dandanci, mutuniyar kirki, Hausar kasuwa take ji. (A yarensu magana ba ta raba mace da namiji, don haka "ya" da "ta" duk inda suka faɗa mata daidai ne.) Muka gaisa, muka yi sallama. Na kasa kunne: tsit, babu shuuu. Sai na kife shi a tabarma yadda na saba aza fis.

Wata ta tambaye ni me surukuwa ta ce. Ni kuma, da furfurata, na gyara zama na ɗauko muryar Hajiya. "Amarya ya ci abinci? Ɗana ta ce in gaishe ka." Har ɗan kakin da take yi kafin ta ce "to" sai da na saka. Mata na ta faɗuwa da dariya, ni ina ƙarawa.

Sai tabarma ta yi magana.

"Hajiya, layi bai mutu ba. Ci gaba, ka iya ni."

Ashe uwar ango ce, ta buɗe muryar talhonta kowa na ji, gwaggonnin ango duk suna zaune.

Daga baya Rakiya ta bayyana mini, tana kuka. Wai a fis muryar ce kanta ke bin igiya da duk dattin hanya, shi ya sa yake shuuu. Wannan kuwa yayyanka murya yake ya mai da ita lambobi, in an yi shiru babu abin da zai aika. Na ce ina ma an faɗa mini tun da safe.

Tunuga ta yi shiru. Ango bai kira ba, Rakiya ta daina cin abinci. Gidan da za ta zauna har ƙarshen rayuwarta ke nan na yi wa dariya. Dole na yafa mayafi na hau kabu-kabu, ƙashin bayana na ta ƙara har bakin kogi.

Hajiya ta ba ni ruwa, ta bari na gama ba da haƙuri. Sannan ta ce ta yafe, amma in maimaita ban haƙurin da Dandanci. Ta faɗa, na bi. Kunnen nan da nake taƙama da shi ya gudu ya bar ni. Ban da "fofo", wato sannu, babu abin da ya fito daidai. Gwaggonni suka yi dariya har da hawaye, Hajiya na riƙe da talhonta dab da bakina tana ɗaukar muryata.

An yi biki lafiya. Amma muryata na nan cikin talhon kowa a Tunuga, ba ta tsufa, ba ta dushewa. Jikokina ma sun haddace. Fis dai in ya ji magana mantawa yake.

Yanzu in na gama waya, sai in danna ja, in sake dannawa, in kai shi ɗaki in rufe da kwano. Ko a haka, Hausar kowa daidai ce a wurina.