Kwali Arba'in na Ba-Ya-Ƙarewa

"Muddin makullin nan yana ƙuguna, magani ba zai yanke a asibitin nan ba!"

Haka sabon mai sito ya faɗa ranar da ya hau kujerar marigayi maigidana, Allah ya jiƙansa. Nan take muka raɗa masa Ba-Ya-Ƙarewa. Gajere ne, tumbinsa kan riga shi shiga ɗaki, ga biro uku a aljihu, ko ɗaya ba ya rubutu.

Shi marigayi, da zarar kantar magani ta yi rabi, sai ya cike takarda ya aika babban sito. Gogan naka ya ce wannan roƙo ne, shi kuwa ba a haife shi da roƙo ba.

Ana nan sai masana'antar maganin hawan jini ta tsaya, jirgin da ke kawo na waje kuma ya makara. Kowane asibiti ya kai kukansa, namu shiru. Tsofaffi suka cika benci. Babbar nas ta leƙa sito.

"Malam, saura nawa?"

"Ya fi gashin kanki yawa, Sista."

Alhali rabin kwali ne.

Sai ga labari wata jami'ar ma'aikatar lafiya za ta zo dubawa. Ya san in ta ga kantar magani wayam, makulli ya tafi. Ya tattaro tsofaffin kwalaye arba'in, ya ɗura musu yashi, ya liƙe, ya jera har rufi. Ni da ke sharar wurin na ce, "Malam, wannan yashin fa?"

"Ke dai yi shararki, baiwar Allah. Ilimi ne, ya fi ƙarfinki."

Jami'a ta shigo ta riƙe baki.

"Ikon Allah! Asibiti tara na zaga, ko ƙwaya babu."

Ya shafa tumbi. "Ranki ya daɗe, aiki sai mai shi."

"Madalla. Ɗan abin da muka samo, na cire ku daga rabo. Gobe kuma mota za ta kwashi wannan a raba wa maƙwabta."

"Ai... kwalayen da nauyi, ranki ya daɗe."

"Za a zo da ƙarti."

Washegari ƙarti suna loda suna nishi. Direba ya ce, "Wane irin magani ne haka kamar dutse?"

"Mai ƙarfin ne," in ji shi, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Motar na juya baya, kansa ya juya, ya zube tim kamar buhu. Sista ta auna shi: jini ya hau. Rabin kwalin nan kuwa tun safe ya ƙare. Aka buga wa asibitin maƙwabta, a taimaka da ko ƙwaya biyu.

Bayan la'asar sai ga jami'a da kanta, direba na biye da kwali biyu. Ƙaramin, na gaske, ta miƙa wa Sista saboda tsofaffin benci. Jami'ar ta sa hannu ta zare makulli daga ƙugun gogan yana kwance.

"Babban kuma nasa ne, maƙwabta suka ce a dawo masa."

Sista ta farke shi a gaban kowa, ta nutsa cokali ta ɗebo yashi.

"Buɗe baki, Malam. Cokali biyu safe da yamma. Kada ka yi tsimi, wannan kam ba ya ƙarewa."