Faɗan da Na Yi a Sunan Patience

Ba zan taɓa mantawa da sunan 'yar Rifkatu ba, kuma ko na so in manta, matan layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi ba za su bar ni ba. Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki ce. Ina aikin nas a ɗakin haihuwa, Rifkatu kuma maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu. 'Yar Kudancin Kaduna ce, mijinta Malam Yohanna yana koyarwa a wata firamare a Tarauni. Shekara tara da aure babu haihuwa, sai a wannan shekarar Allah ya kawo rabo.

Ni na yi rainon cikin nan tare da ita. Ni ce rakiya awo, ni ce kunun safe, ni ce mai ƙwace taɓarya idan ta ɗauka. Ranar naƙuda ta cije ni a hannu, ta zage ni da yarensu, duk na shanye. Da aka miƙa mata jaririya sai ta riƙe ni tana kuka, ta ce, "Sista, kin yi takwara."

A wurinmu wannan ba maganar wasa ba ce. Na cika akwati da kayan jarirai, na sa abokan aikina shida muka yi anko (atamfa ruwan goro, har yau ba na son ganin irinta), na shelanta wa kowa a asibiti har da mai gadi.

Ranar suna aka kafa rumfa a tsakar gida, muka jeru a benci na gaba. Fasto, wani dattijo ɗan Filato, ya yi addu'a, ya ɗauki takarda daga cikin faranti ya ce, "Sunan yarinya Patience." Mata suka rangaɗa guɗa.

Raina ya ɓaci nan take. Mu dai suna ɗaya liman ke raɗawa, a shafa fatiha, an gama. To kuma a rasa sunan da za a kayar da ni da shi sai Patience? Ni da ke rubuta katin jarirai na san yadda sunan nan ya yi yawa: Patience, Mercy, Comfort, sai kuma wata Patience. A layinmu ma ka kira ɗaya, uku za su waiwayo. Ina cikin haɗiye abin sai Hajiya Binta, babbarmu a wurin aiki, ta matso ta ce, "Yaushe kika koma Patience ba mu da labari?"

Ai sai na miƙe.

"Rifkatu, ni za ki yi wa haka? Ni na roƙe ki takwara? Kin sa na kwaso mutane kin tozarta ni saboda sunan da ke kowane lungu. Soja ma da suka yi alkawarin sauka sun sauka. Ke kin fi soja ne?"

Ban tsaya nan ba. Na lissafa kunu, na lissafa awo, har na ɗaga hannu na nuna wa jama'a tabon cizo.

Fasto ya gyara tabarau ya ce, "Sista, kin gama? Don akwai sauran takardu huɗu."

Ashe su kowa rubuta nasa yake yi, uwa da uba da kakanni, a karanto ɗaya bayan ɗaya. Na biyu Godiya, daga kaka. Na uku sunana ne, cikakke, da rubutun Malam Yohanna. Sannan dattijon nan ya koma kan takardar farko, a hankali kamar ba abin da ya faru.

"Patience shi ne Haƙuri. Iyayenmu sun koyi irin sunayen nan a wurin Turawan mishan, a sa wa yaro sunan hali don ya tashi da shi. Uwa kuma ta yi rubutu a ƙasa, ba a bar ni na karanta ba. Ta ce: saboda Sista, wadda ban taɓa ganin mai haƙurinta ba."

Wata tsohuwa ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Rifkatu ta sunkuya tana share hawaye. Na juya neman 'yan anko, kowacce ta tsira wa ƙasa ido. Ni kuwa ina tsaye, hannuna a sama da tabon cizo.

Abin da ya fi ƙona mini rai, maigidana ya san komai tun kwana uku kafin nan. Na tare shi a gida da bala'i, ya ce, "Na fara faɗa miki. Kin taɓa barin mutum ya kai ƙarshen magana?"

Wata biyu Rifkatu ba ta leƙo gidana ba. Ni na bi ta da ban haƙuri har sau uku. A na ukun ta miƙo mini yarinyar ta ce, "Riƙe ta. Sai ita ta yi haƙurin da kika kasa."

Patience ta girma, sunana yana tsakiyar takardunta, ba mai kiran ta da shi. Ni kuma yanzu in na je suna, ko Jaki na ji an raɗa wa yaro, bakina a rufe yake sai na ga faranti wayam.